Wake Ɗaya Ne Ya Ɓata Gari? Sharhi Kan Fim Ɗin The Fighting 69th

Ranar 7 ga watan Maris na shekarar 1918, a wani kurmi da ake kira Rouge Bouquet a gabashin Faransa, harsashin babbar igwar Jamusawa ya sauka a kan rufin wani rami da sojojin Amurka ke fake a ciki. Ƙasa da katako suka rufta wa mutum sama da ashirin. Abokansu suka yi ta tono, ana ci gaba da yi musu ruwan wuta, amma ƴan ƙalilan suka iya cetowa. Mutum 19 suka mutu. Mafi yawansu ko gawarsu ba a fito da ita ba, ramin nan shi ya zama kabarinsu.

Babu wanda ya yi wani laifi a cikinsu. Mai harba igwar ma bai san su ba, bai ga fuskar ko ɗaya ba. Bayan shekara 22, kamfanin Warner Bros. ya ɗauko wannan masifa ya saka ta a fim ɗin The Fighting 69th, wanda William Keighley ya ba da umarni, ya fito a watan Janairu na 1940. Sai dai a cikin fim ɗin an samo mai laifi. An ƙirƙiro wani soja mai suna Jerry Plunkett, wanda bai taɓa rayuwa a duniya ba, aka ce gangancinsa ne ya jawo harbin. A kan wannan ƙari nake da magana da fim ɗin, duk da cewa na ji daɗin kallonsa, kuma zan faɗi dalilin jin daɗin kafin in zo ga ƙorafi.

Su wane ne ƴan runduna ta 69?

Wanda bai san tarihin mutanen Ayilan a Amurka ba, rabin fim ɗin zai wuce shi. Tsakanin 1845 da 1852 wata cuta ta lalata dankalin Turawa, wanda shi ne abincin talakan Ayilan. Yunwa ta kashe wajen mutum miliyan ɗaya, wasu kamar haka suka tsallaka teku. Da yawansu a New York suka sauka. Ba a yi musu maraba ba. Matalauta ne, ƴan ɗarikar Katolika ne a ƙasar da mabiya Furotesta suka fi yawa, ana yi musu kallon mashaya masu neman faɗa, waɗanda biyayyarsu ga Fafaroma ta fi biyayyarsu ga ƙasa.

Daga cikin waɗannan baƙi aka kafa runduna ta 69 ta jihar New York. A 1860 shugabanta, Kanar Michael Corcoran, ya ƙi fito da sojojinsa faretin tarbar Yariman Ingila, saboda Ingila ce ke mulkin ƙasarsu ta asali. An shirya gurfanar da shi a kotun soja, sai yaƙin basasar Amurka ya ɓarke a 1861, aka bar maganar, domin ana bukatar mayaƙa. Rundunar ta zubar da jini sosai a wannan yaƙi, musamman a Fredericksburg a 1862. Tun daga nan ciniki ya faɗa tsakanin ƴan Ayilan da Amurka: mu ba ku jininmu, ku karɓe mu a matsayin ƴan ƙasa.

Da Amurka ta shiga Yaƙin Duniya na Ɗaya a 1917, aka canza wa rundunar lamba ta koma ta 165, aka sa ta cikin babbar runduna ta 42 da aka tattaro daga jihohi 26, wadda saboda haka ake mata laƙabi da Bakan Gizo. Daga nan fim ɗin ya ɗauko zarensa.

Labarin a taƙaice

An buɗe da sansanin horo na Camp Mills, inda sabbin kurata ke shigowa. Cikinsu akwai Jerry Plunkett, wanda James Cagney ya fito a matsayinsa: ɗan birni mai kaifin baki, ba ya ganin kowa da gashi, ya shigo soja ne don ya koma gida da lambobin yabo a ƙirji. Tun ba a je ko'ina ba ya ɓata da kowa, musamman sajensa, Big Mike Wynn. Mutum ɗaya ne kaɗai bai cire rai da shi ba, wato limamin rundunar, Fada Francis Duffy, wanda Pat O'Brien ya taka rawarsa.

Da aka isa bakin daga, cika bakin ya ƙare. Plunkett ya gano cewa shi matsoraci ne. Cikin dare ya harba harsashin haske ba tare da izini ba, Jamusawa suka gane inda suke, aka yi musu luguden wuta, ramin ya rufta. Ɗan kuka mai jawo wa uwarsa jifa ke nan. Manjo Donovan ya so ya kawar da shi daga rundunar, Fada Duffy ya roƙa a ƙara masa dama. Aka ƙara, ya sake firgita a gaban abokan gaba, wasu suka sake mutuwa. Saje Wynn ya rasa ƴan'uwansa biyu ta dalilinsa. Kotun soja ta yanke masa hukuncin kisa.

Yana jiran a harbe shi, harsashin igwa ya rushe inda aka tsare shi. Hanyar gudu ta buɗe. A nan ya ga Fada Duffy cikin masu rauni yana jan su addu'a, gini na girgiza a kansu. Zuciyarsa ta juya. Ya ruga bakin daga, ya kama wata ƙaramar igwa da masu ita suka mutu, ya fasa shingen waya mai ƙaya da ya tare rundunarsa. Da aka jefo gurneti, ya kwanta a kansa don ya tsare abokinsa. Ya cika bayan Fada Duffy ya yi masa addu'ar ƙarshe, wadda a da yake yi wa ba'a.

Abin da fim ɗin ya iya

Mu da muke aikin rediyo kunne ne jarinmu, kuma da kunne na fara kama wannan fim. Ka rufe ido ka saurari Cagney. A farko maganarsa kamar ana zuba tsakuwa a kwano, sauri da ƙarfi, kowace kalma da tsiwa a bakinta. Da aka shiga ramukan yaƙi, saurin yana nan, amma muryar ta haura sama, numfashi ya gajarce. Tsiwar da tsoron ashe abu ɗaya ne, tun farko da surutu yake rufe fargabarsa. Cagney ya fara sana'arsa ne da rawa a dandamali, kuma ana ganin haka a jikinsa: kafaɗar da ke gaba-gaba a sansanin horo ita ce ta tsuke a cikin laka, hannun da ke nuna mutane da yatsa shi ne ke karkarwa. Babban jarumi ne a lokacin, amma ya yarda ya fito a mutumin da ɗan kallo zai tsana kusan awa guda cur. Ba kowane tauraro ke da wannan ƙarfin hali ba.

Pat O'Brien kuwa ya yi akasin haka. Muryarsa ba ta tashi, ba ta sauka. Idan Cagney wuta ne, shi ruwan randa ne. Su biyun abokai ne na gaske, sun yi finafinai da dama tare, kuma sabon da ke tsakaninsu ya sa hirarsu ba ta da alamar haddace.

Akwai kuma wani ɗan ƙaramin labari a gefe da ya fi taɓa ni fiye da babban. Wani Bayahude ya canza sunansa zuwa Mike Murphy, yana kwaikwayon harshen ƴan Ayilan, don kawai a ɗauke shi a rundunar. Da farko abin dariya aka mai da shi. Amma da ya zo gargara, Fada Duffy, limamin Katolika, ya durƙusa kusa da shi ya yi masa addu'a irin ta addininsa, da harshen Ibrananci. Ka tuna shekarar da fim ɗin ya fito, 1940, lokacin da Hitler ke farautar Yahudawa a Turai, kuma ƙyamarsu ba ta rasa magoya baya a Amurka kanta. Wannan fitowa ta minti kaɗan magana ce babba, kuma an faɗe ta ba tare da wa'azi ba.

Haka nan faɗan da ya kaure a sansanin horo tsakanin ƴan New York da ƴan rundunar jihar Alabama. Kakanninsu sun harbi juna a yaƙin basasa, yau an haɗa jikoki a ƙarƙashin tuta ɗaya. Fim ɗin ya nuna cewa tsohon miki bai warke ba, sannan ya sa hafsa ya tunatar da su cewa yanzu duk Amurkawa ne. Jigon fim ɗin na fili ke nan: haɗin kai.

Inda muka raba gari

Mutane huɗu daga cikin taurarin fim ɗin sun rayu da gaske. Fada Duffy ya rasu a 1932, kuma mutum-mutuminsa yana tsaye a dandalin Times Square tun 1937. William Donovan ya sami lambar yabo mafi girma ta sojan Amurka saboda abin da ya yi a watan Oktoba na 1918. Laftana Oliver Ames ya mutu a yaƙin kogin Ourcq. Saje Joyce Kilmer, mawaƙin da ya rubuta marsiyyar mutanen Rouge Bouquet, an harbe shi ranar 30 ga Yuli 1918, yana da shekara 31. Waɗannan duka fim ɗin ya wanke su tas. Ba mai shakka a cikinsu, ba mai kuskure, ba wanda ya ba da umarnin da ya halaka mutane a banza. Duk wani tsoro, duk wata kasawa, duk wata mutuwar da ba ta da ma'ana, an tattara an ɗora wa mutum ɗaya, kuma shi kaɗai ne a manyan taurarin ba shi da dangi a duniya da za su kai ƙara.

Dabara ce, kuma ta yi aiki. Amma dubi abin da ta haifar. Idan wake ɗaya ne ya ɓata gari, to garin lafiyarsa ƙalau. Ɗan kallo zai fita yana cewa da ba don Plunkett ba, da samarin nan suna raye. Tarihi kuwa ya ce babu Plunkett, kuma sun mutu. Igwa ce ta kashe su, da ramin da bai iya ɗaukar nauyin harsashi ba, da waɗanda suka ga ya dace a jera samari cikin laka ana auna su daga nesa. Fim ɗin ya ɗauke laifin daga kan yaƙi ya ɗora wa mai tsoron yaƙi.

Abu na biyu shi ne yadda aka fassara tsoron kansa. A 1940 duniya ta riga ta san cewa rugugin igwa yana taɓa ƙwaƙwalwar soja. Tun lokacin yaƙin likitoci suka ga dubban mazaje da jikinsu ba ko ƙwarzane, amma sun kasa magana, ko sun kasa daina karkarwa. Abin da Cagney ya nuna da jikinsa wannan ciwon ne sak. Amma labarin bai kai shi gaban likita ba, gaban limami ya kai shi. An mai da ciwo zunubi, tushensa girman kai da rashin imani, maganinsa tuba. Jarumin yana wasa da gaskiya ɗaya, marubutan suna rubuta wata.

Ko hukuncin kisan ma akwai abin dubawa. Sojan Amurka bai harbe ko mutum ɗaya ba saboda gudu daga fagen fama a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Tun bayan yaƙin basasa, soja ɗaya tak aka kashe a kan wannan laifi, Eddie Slovik, a watan Janairu na 1945. Ingila ce ta harbe sojoji 306 a kan tsoro da gudu da makamantansu, kuma a 2006 ta dawo ta yi musu afuwa, bayan an yarda cewa da yawansu marasa lafiya ne. Duniya ta ɗauki kusan shekara 90 kafin ta nemi gafarar irin su Plunkett. Fim ɗin kuwa Plunkett ya sa ya nemi gafara.

Abu na uku shi ne farashin gafarar. Fada Duffy an zana shi kamar makiyayin da ya bar garke ya tafi neman tunkiya ɗaya da ta ɓata. Madalla. To amma da aka samo tunkiyar, me aka yi da ita? Yankawa aka yi. Plunkett ya fasa shingen waya, ya ceci bataliya, wannan kaɗai ya isa a ce ya biya bashi. Marubutan ba su gamsu ba, sai da suka jefo gurneti. Dalili a fili yake: Plunkett mai rai matsala ne. Zai koma New York, ya haɗu da iyayen waɗanda suka mutu, ya kwana da mafarkin ramin nan har tsufa. Wannan shi ne labarin da ya fi wuya, kuma shi fim ɗin ya guje wa. Gawa ba ta da wahalar yafewa.

Wanda ya kalli Angels with Dirty Faces na 1938 zai ga wani abin mamaki. A can ma Cagney da O'Brien ne, ɗan daba da limami. Ɗan dabar jarumi ne da ba ya tsoron mutuwa, amma limamin ya roƙe shi ya mutu yana kururuwa kamar rago a kujerar lantarki, don yaran unguwa su daina koyi da shi. A nan kuma an juya riga: rago ne ake so ya mutu kamar jarumi, don samari su yi koyi da shi. A duka biyun mutuwar Cagney darasi ce da aka shirya wa matasa. Bambancin shi ne fim ɗin farko ya bar ka cikin shakka, ba ka san ko tsoron gaske ne ko na roƙon limami ba. Na biyun bai bar maka komai da za ka tauna ba.

Me ya sa a 1940?

Fim ɗin ya fito wata huɗu bayan Jamus ta mamaye Poland. Amurkawa da yawa a lokacin suna ganin shigarsu yaƙin farko kuskure ne, ba sa son a maimaita. Shekara goma kafin nan Hollywood ɗin nan ta yi All Quiet on the Western Front, inda yaƙi ya fito a matsayin injin niƙa samari. The Fighting 69th ya zo ya sake wa wancan yaƙi wanka. An rufe shi da addu'ar Fada Duffy ta neman zaman lafiya, amma duk abin da ya gabaci addu'ar yana koya wa saurayi yadda ake zama soja nagari ne: ka bi umarni, ka riƙe addini, kada ka zama Plunkett. A watan Satumba na shekarar Amurka ta kafa dokar ɗaukar soja dole, a Disamba 1941 ta shiga yaƙi. Donovan na gaske, wanda ya ga kansa a majigi, shi aka ba shugabancin hukumar leƙen asiri ta OSS a 1942, wadda daga ita CIA ta samo tushe.

Launin da babu a bakan gizon

Fim ɗin ya haɗa ɗan Ayilan da ɗan Alabama, Katolika da Bayahude, ya ce ga Amurka. Akwai wanda ba a gayyata ba. A birnin New York ɗin nan akwai wata runduna ta baƙaƙen fata, ta 15, wadda ta koma ta 369, ƴan unguwar Harlem. Ba a sa su cikin Bakan Gizo ba. Sojan Amurka ya miƙa su ga Faransawa, suka yi yaƙi da bindiga da hular Faransa, suka yi kwana 191 a bakin daga. Ɗaya daga cikinsu, Henry Johnson, Faransa ta ba shi lambar yabo tun 1918, amma babbar lambar ƙasarsa sai a 2015 ta iso, shekaru da dama bayan ya mutu cikin talauci.

A tsakiyar watan Yuli na 1918, lokacin da Jamus ta kai farmakinta na ƙarshe a yankin Champagne, rundunonin New York ɗin nan biyu, fara da baƙa, suna ƙarƙashin janar ɗaya ne, Henri Gouraud. Mu nan sunan ba baƙo ba ne: shi ya kama Samori Ture a 1898, ya kuma yi aiki a Damagaram da Cadi. A ƙarƙashin tutar da yake wa hidima, Faransa ta kwashi ƴan Afirka kusan 200,000 zuwa wannan yaƙi, ana kiransu ƴan Senegal ko daga ina aka ɗebo su, wajen 30,000 ba su dawo ba. Su ma an yi musu irin cinikin nan na jini da mutunci. Ƴan Ayilan an biya su: a 1960 tattaɓa kunnen baƙin Ayilan, John Kennedy, ya ci zaɓen shugaban ƙasa, a 1963 ya kai wa majalisar Ayilan tsohuwar tutar runduna ta 69. Ƴan Harlem sun koma gida a 1919, shekarar da aka yi ta kashe baƙaƙe a Chicago da wasu garuruwa. Namu kuwa, a lokacin yaƙi na biyu, waɗanda suka nemi haƙƙinsu a sansanin Thiaroye ranar 1 ga Disamba 1944 harsashi aka ba su, kuma sai a 1988 Usman Sembene ya yi musu fim. Saboda haka idan The Fighting 69th ya ce jini yana sayen ɗan'uwantaka, ni ina da dalilin tambaya: jinin wa?

Kammalawa

Ina ba da shawarar a kalli fim ɗin. Minti 90 ne, baƙi da fari, ba ya gundura, kuma wasan Cagney kaɗai ya isa dalili. Mai sha'awar rubuta labari zai koyi yadda ake gina tauraro da kishiyarsa, da yadda ɗan ƙaramin labarin gefe ke ɗaukar nauyin da babban ya kasa. Amma a haɗa shi da Paths of Glory na Stanley Kubrick, wanda ya fito a 1957, inda janarori ne suka yi kuskure, aka zaɓi ƙananan sojoji uku aka harbe da sunan tsoro. Faransa ba ta nuna shi ba sai 1975. Wanda ya kalli biyun zai ga yaƙi ɗaya, laka ɗaya, zargi ɗaya, amma yatsa na nuna wuri daban.

Marubutanmu ma akwai abin da za su ɗauka. Yau a Sahel muna da sojojin da ke dawowa daga daji ba sa iya barci, kuma wata rana za a rubuta labarinsu, a littafi ko a fim. Ranar da aka zo rubutawa, jarabar ƙirƙiro Plunkett za ta zo, domin ta fi sauƙi, kuma ba ta ɓata wa manya rai. Mutum 19 na Rouge Bouquet ba matsoraci ne ya kashe su ba, kuma sun cancanci a faɗi haka.